Saksofon, Ajinsa da Ubangidansa

Da a ce saksofon ya shigo ƙasar Hausa a zamanin da tarho da garmaho suka shigo, da ba haka muke kiransa ba. Dubi abin da bakin Bahaushe ya yi wa 'yan'uwansa. Telefon ya zama tarho. Giramafon ya zama garmaho. Makirofon ya tsira da sauran ƙashinsa, ya zama makirfo. Duk ukun wutsiya ɗaya gare su, kalmar Girkanci *phone*, wato murya, kuma duk ukun mun datse wutsiyar mun bar "ho" ko "fo". Harafin x kuwa, mun nuna yadda muke yi da shi tun ranar da taksi ta zama tasi. In aka bi wannan ƙa'ida, da "sasaho" za a san abin busar nan. Bai samu wannan gata ba, domin ta talabijin da bangon faifai ya iso mana, rataye a wuyan Fela Kuti da Manu Dibango. Bai bi ta kasuwa ba balle a goge masa kaifi, sai ya zauna da sunansa na baƙunci.

Italiyawa sun yi abin da muka so yi. Su ma ba sa shiri da x: taksi a wurinsu *tassì* ce, saksofon kuma *sassofono*. Sai dai a harshensu *sasso* dutse ne, daga *saxum* na Latin, don haka kunnen Ba'italiye yana iya jin "muryar dutse" a cikin sunan. Katari ne kawai, ba asali ba.

Sinawa sun rabu biyu. A babban yankin Sin ana cewa *sakesi guan*, kuma *guan* bututu ne, wato sun dubi jikin abin. A Taiwan an fi cewa *sakesi feng*. Wannan *feng* ɗin an ɗauko shi ne don ya kwaikwayi sautin "fon", amma harafin da aka rubuta shi da shi yana nufin iska. Wanda ya zaɓi harafin ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Rabin farko na sunan mutum ne. An haifi Sax a 1814 a garin Dinant, bakin kogin Meuse, a ƙasar da yau ake kira Beljiyam. Sunansa na yanka Antoine-Joseph, amma Adolphe ya bi shi har kabari. Garin nasu ya riga shi ba da aron suna: saboda shaharar maƙeransa, har yau Faransanci yana kiran sana'ar ƙera kayan tagulla *dinanderie*. Sax ya koma Paris a 1842, ya karɓi takardar mallakar saksofon a 1846, kuma bai kasance mai rowar sunansa ba. Ya ƙera *saxhorn*, ya ƙera *saxotromba*, ya ƙera *saxtuba*. Abokan hamayyarsa suka koyi darasin: a 1856 maƙerin kayan busa Gautrot ya fito da *sarrusophone*, da sunan wani shugaban 'yan badujala, Sarrus, sai Sax ya kai ƙara kotu. Shari'o'i irin wannan sun cinye masa dukiya. Sau uku yana karyewa, ya rasu a 1894 ba shi da komai.

To, wane dangi ne abin? Faransawa sun kasa kayan busa gida biyu: *les bois*, itatuwa, da *les cuivres*, tagulloli. Saksofon tagulla ne tun daga wuya har gindi, amma a gidan itatuwa aka ajiye shi. Dalilin yana bakinsa. A gidan tagulla, leɓen mai busa ne ke karkarwa, kamar yadda ake yi da kakaki. A saksofon kuwa, wani siririn ɓallin kara ne da ake ɗaurewa a bakin abin, shi iska ke kaɗawa. Wannan ɗan ɓallin da bai kai tsawon yatsa ba shi ya rinjayi tagullar duka wajen rabon dangi.

Kowane harshe da abin da ya gani a ɓallin. Bajamushe ya ce *Blatt*, ganye. Ɗan Sifen ya ce *caña*, kara, ko *lengüeta*, ƙaramin harshe. Barashe ya ce *trost*, kalmar da yake kiran sandar dogarawa da ita. Algaita ma da irinsa take magana, sai dai nata baki biyu ne da ke bugun juna, na saksofon kuwa guda ne da ke bugun bakin abin busar. Ita kanta algaitar baƙuwa ce da ta daɗe: *al-ghaita* ce ta Larabcin Magrib, muka haɗiye ta da "al" ɗinta kamar yadda muka haɗiye albasa da alƙalami da aljihu.

Sauran gaɓoɓin a Faransanci gidan kallo ne. Inda ake sa baki *bec* ne, bakin tsuntsu. Lanƙwasasshen wuyan *bocal* ne, kalmar da kuma ake kiran kwalbar ajiye abinci da ita. Faffaɗan bakin da sauti ke fita, wanda Turancin Ingilishi ya ga ƙararrawa a cikinsa, Bafaranshe ya kira shi *pavillon*. Wannan kalma tana nufin tanti, tana nufin tutar jirgin ruwa, tana nufin fatar kunne. Kakarta ita ce *papilio* ta Latin, ƙwaron nan mai fukafukai masu ado, domin tantin da aka kafa ya yi kama da shi in ya baza fukafukansa. Mu kuwa malam-buɗe-littafi muke ce masa. Da wannan malamin za mu shiga zancen ɗaya malamin.

Marcel Mule aka haife shi ranar 24 ga Yuni 1901 a wani ƙauyen Normandi mai suna Aube. Kalmar *aube* a Faransanci asuba ce, kuma kada kamannin sautin ya ruɗi kowa, tamu daga *subh* ta Larabci take. Sunan danginsa ba shi da ɗigo ko wasali mai hula, ko da yake akwai masu ƙaƙaba masa, su rubuta Mulé, wataƙila don su raba shi da ma'anar kalmar, domin *mule* alfadari ce. Mahaifinsa yana busa saksofon, yana kuma jagorantar 'yan busa na garin Beaumont-le-Roger, shi ya fara koya masa. Yaron ya koyi gogen Turawa da piyano. Amma uban bai ga abinci a kiɗa ba, sai ya tura shi makarantar horon malamai ta Évreux. Mule ya fara aiki a matsayin malamin firamare, kafin aikin soja ya kai shi Paris a 1921. A 1923 ya ci jarrabawar shiga ƙungiyar busa ta Garde Républicaine, inda daga baya ya gaji François Combelle a matsayin babban mai saksofon.

Me za mu kira sana'arsa? Bafaranshe ya ce *jouer*, Bajamushe ya ce *spielen*, duka biyun wasa ke nan, ko ganga ce ko sarewa. Ɗan Sifen ya ce *tocar*, taɓawa. Baturke ya ce *çalmak*, kalmar da kuma take nufin sata, kuma ban ga laifin makaɗan Turkiyya ba in sun yi ƙorafi. Hausa ta fi su tsantseni. Ganga kaɗa ta ake yi, algaita busa ta ake yi, goge kuwa sunansa ma daga gugar ya fito. Saboda haka Mule mabushi ne. In an ce masa makaɗi an yi masa karamci irin na jimla, amma an ɓata masa sana'a.

Sauran kalma ɗaya, wadda ita ce ta fi ba ni sha'awa. Ba a cewa Mule mai saksofon kawai. Sai an ƙara *classique*. Mai gogen Turawa ba ya bukatar wannan ƙari, in an ce *violoniste* an gama. Mai saksofon kuwa, in ba a ƙara ba, kowa zai ɗauka ɗan jaz ne. Abin mamakin shi ne saksofon ya girmi jaz da shekara sittin da wani abu. Berlioz ya yabe shi a jarida tun 1842. Bizet ya sa shi a kiɗan *L'Arlésienne* a 1872. Amma da mabusan Amurka suka ɗauke shi a shekarun 1920, sai suka tafi da sunan tsurarsa, aka bar masu gidan da neman laƙabi. Mun san irin wannan. Da can in an ce makaranta an gama magana. Sai da boko ta zo ta zauna daram, sannan ta asalin ta koma "makarantar allo".

Kalmar *classique* daga *classis* ta Latin take, rukunin da aka kasa mutanen Rum bisa ga dukiyarsu. *Classicus* shi ne ɗan rukunin sama, daga nan aka ɗauke ta aka ba marubutan da suka isa a yi koyi da su. A gefe guda kuma, *classicum* busar ƙahon yaƙi ce a rundunar Rum, abin da zai yi wa sojan badujala daɗin ji. Daga wannan saiwa dai *classe* ta fito, wato aji. A Faransa kuwa dangantakar ta wuce ta nahawu: abin busar da ba shi da *classe* a babbar makarantar kiɗa ta Paris, da wuya a kira shi *classique*.

Saksofon ya taɓa samun aji. Sax da kansa ya koyar da shi daga 1857, a wani sashe da aka jingina wa makarantar don horar da mabusan soja. A 1870, shekarar yaƙin Faransa da Furusiya, aka rufe sashen. Shekara 72 ƙofar tana rufe. A 1942 shugaban makarantar, Claude Delvincourt, ya sake buɗe ajin ya damƙa wa Mule. A lura da shekarar. Paris tana hannun sojan Jamus, kuma shekara huɗu kafin nan, a 1938, 'yan Nazi sun yi baje kolin abin da suka kira gurɓataccen kiɗa a Düsseldorf, hoton tallarsa kuwa zanen izgili ne na baƙar fata yana busa saksofon.

Sunan makarantar ma abin tsayawa ne. *Conservatoire*, ma'adana. Mai ji zai ce kiɗa ake adanawa. A asali yara ne. *Conservatorio* a birnin Naples na ƙarni na 16 gidan marayu ne, inda ake tsare yaran da ba su da kowa, ana koya musu waƙar coci don su sami abin yi. Koyarwar ta yi kyau har ta cinye sunan gidan. Ta Paris an kafa ta a 1795, ba ta taɓa zama gidan marayu ba, ko da yake saksofon ya shige ta a 1942 a matsayin maraya sosai: ba littattafan koyo isassu, ba tarin kiɗan da aka rubuta dominsa.

Mule ya yi abin da mai hankali zai yi, ya shiga aro. Ya ɗauko darussan da aka rubuta wa goge da sarewa ya juya su. Mafi shahara su ne darussa 48 na Ferling, waɗanda aka rubuta wa *hautbois*, ya ƙara 12 nasa. *Hautbois* ma'anarta "itace mai ɗaga murya", kuma ita ce 'yar'uwar algaita ta kusa a Turai, mai ɓalli baki biyu. Har yau ɗalibin saksofon a ko'ina yana gumi a kan Ferling.

A zamanin Mule, jarrabawar fita daga ajin ana kiranta *concours*, gasa, sakamakonta mafi girma kuma *premier prix*, kyauta ta ɗaya. Sunan yana yaudara. Ba lallai mutum ɗaya ke samu ba, daraja ce, ana iya ba mutum uku ko biyar a shekara guda, ana iya hana kowa. Frederick Hemke ya same ta a 1956, shi ne Ba'amurke na farko da ya samu a saksofon.

Abin da ya fi bambanta busar Mule da ta magabatansa yana da sunan Italiyanci, *vibrato*. Kafin shi, mai saksofon na soja a Faransa miƙaƙƙen sauti yake fitarwa, ba lanƙwasa. Mule ya yi aikin dare da ƙungiyoyin kiɗan rawa a Paris, a can ya ji yadda 'yan jaz ke kaɗa sautinsu, ya koya, ya ɓoye abinsa. A ƙarshen shekarun 1920, a gidan wasan Opéra-Comique, ya gwada shi a cikin babbar ƙungiya, aka yaba. Daga nan ya rage masa faɗi, ya daidaita saurinsa, ya kusantar da shi ga abin da masu goge ke yi da yatsa. Da muƙamuƙi ake yinsa, ana ɗan sassauta shi ana mayarwa, kusan sau biyar a daƙiƙa. Wato alamar da aka fi gane saksofon *classique* da ita, daga gidan jaz aka ɗebo ta.

Yaya za a faɗe shi da Hausa? "Rawar murya" ta zo kusa, sai dai tana ɗauke da tsoro ko kuka. "Karkarwa" ta masassara ce, kuma ta fi dacewa da *tremolo*, wadda ta fito daga kalmar Italiyanci ta makyarkyata. Bambancin shi ne mai karkarwa ba shi da iko da jikinsa, mai *vibrato* kuwa ƙirga abinsa yake yi. Ni "lilon sauti" na fi so, domin lilo yana tafiya ya dawo a kan lokaci, kuma da gangan ake yinsa.

A 1928 Mule da abokan aikinsa uku suka kafa ƙungiyar saksofon huɗu, kowanne da girmansa. Sunayen huɗun duk daga muryoyin mawaƙan coci aka aro su. *Soprano* daga *sopra*, sama. *Ténor* daga kalmar Latin ta riƙewa, domin shi ke riƙe da uwar waƙa a zamanin da. *Baryton* Girkanci ne, sauti mai nauyi. *Alto* kuwa ma'anarta "mai tsawo", alhali a yau ƙaramar muryar mata ce ta ƙasa. An raɗa mata sunan ne lokacin da maza ke yin ta, tana bisa *ténor*. Mule yana riƙe soprano a cikin ƙungiya, in zai yi busa shi kaɗai kuma ya ɗauki alto.

Ƙungiyar ta sauya suna sau biyu, kuma sauyin ya ba da labarin mai ita. Da fari ta Garde Républicaine ce. A 1936, da Mule ya bar aikin soja, ta zama ta Paris. A 1951 ta zama ta Marcel Mule. Alexander Glazunov, tsohon shugaban makarantar kiɗa ta Saint Petersburg da ya ƙare rayuwarsa a Paris, ya rubuta mata kiɗa a 1932.

Ba a zancen Mule a tsallake Sigurd Raschèr, wanda aka haifa a Jamus a 1907, ya bar ta bayan hawan 'yan Nazi, ya koyar a Denmark da Sweden, ya ƙare a Amurka. Raschèr ne Glazunov ɗin nan ya rubuta wa babban kiɗansa na saksofon a 1934. Jacques Ibert ma dominsa ya rubuta *Concertino da camera* a 1935, na alto da kayan kiɗa goma sha ɗaya. *Camera* ɗaki ne a Italiyanci, wato kiɗan da ɗaki zai ɗauka, ba sai babban zaure ba. Ita ce dai kalmar da ta zagayo ta hannun masu ɗaukar hoto ta zama kyamara a bakinmu.

Tsakanin Mule da Raschèr akwai saɓani, kuma har a suna ya fito. Maɓallan saksofon suna ƙarewa a wani matsayi, amma gwani yana iya haurawa sama da nan ta hanyar sarrafa maƙogwaro da harshe. Yawancin mabusa suna kiran wannan yanki *altissimo*, ƙololuwa. Raschèr ya kira littafinsa na 1941 *Top-Tones*, sautukan sama, kuma matsayinsa shi ne yankin ba ƙari ba ne, yana cikin abin da Sax ya ƙera tun farko. Mule bai mai da wannan hawan abin tinƙaho ba, kyan sauti da laushinsa suka fi damunsa. A bugun kiɗan Ibert, wuraren da suka haura can sama suna ɗauke da kalmomin Latin biyu, *ad libitum*, in ka ga dama. Da wannan kiɗa Mule ya zagaya Amurka a 1958, tare da babbar ƙungiyar Boston ƙarƙashin Charles Munch. Shi da Raschèr shekara ɗaya suka rasu, 2001, ɗaya a Fabrairu, ɗaya a Disamba.

Ɗaliban Mule fa, me suke ce masa? A takarda *professeur* ne, mai furta iliminsa a bainar jama'a. A gaisuwa *maître* ne, daga *magister*, wanda ya fi. Namu malam daga *mu'allim* yake, mai sanar da ilimi, kuma ya fi waɗancan biyun faɗin aikin da ake yi a aji. Amma laƙabin da ya manne wa Mule daban ne: *le Patron*. Hausawan Nijar sun san kalmar a bakin 'yan tasha da ma'aikata. Ana iya cewa maigida, amma ubangida ya fi, domin *patron* daga *pater* ta fito, uba, kuma ga uban nan zaune a cikin tamu kalmar. Ubangida ba koyarwa kaɗai yake yi ba, yana tsaya wa yaronsa, yana nema masa wuri. A Faransanci kalmar tana da wata ma'ana ta shagon tela: *patron* shi ne samfurin takarda da ake ɗorawa a kan yadi a yanka. Cikin ɗaliban Mule, Jean-Marie Londeix ya koyar a Bordeaux. Hemke ya yi shekara hamsin a jami'ar Northwestern. Eugene Rousseau ya koyar a Indiana, ya kuma rubuta tarihin malamin nasa. Daniel Deffayet ya gaji kujerar Paris a 1968, Claude Delangle ya gaje shi a 1988.

Ba duk wanda ya rubuta sunan Mule a kan takarda ya samu busarsa ba. Heitor Villa-Lobos na Brazil ya sadaukar masa da *Fantasia* a 1948, Mule bai taɓa busa ta ba, kuma hakan bai hana ta zama cikin abin da masu soprano suka fi bugawa a yau ba.

Da Mule ya bar aiki ya koma kudancin Faransa, yankin Var a bakin Bahar Rum, inda ake noman karan da ake fere ɓallin saksofon da shi. Mu mun ari "ritaya" daga Ingilishi, muna da "murabus" ta masu sarauta. Faransanci yana cewa *retraite*, janyewa, wadda a barikin soja kuma ita ce busar yamma da ke mai da kowa masauki. Mule ya ɗauki kalmar da gaske. Ya tafi da saksofon ɗinsa, bai sake busa shi ba, yana mai ganin lokacin na baya ne ya yi. Ya ƙara shekara talatin da 'yan kai a haka, ya rasu a Hyères ranar 18 ga Disamba 2001, wata shida bayan almajiransa sun taru sun yi masa bikin cika shekara ɗari.